Littafina a Wuyan Shanu

Ni mutumin gabas ne, Babarbare, kuma har yau in raina ya ɓaci harshena gida yake komawa, Hausa ta tsere mini. Saboda haka a hankali zan bi wannan magana, don tana cikin abubuwan da ke tafasa mini jini. Littafi ɗaya na taɓa rubutawa wanda zan iya cewa nawa ne, na labaran da ni na ƙago su da kaina. Na ɗauke shi na damƙa a hannun mutumin da na fi yarda da shi a duk ƙasar Hausa, don ya ɗinka masa sutura.

Garinmu a bakin babban tabki yake, ya watse ina saurayi. Mahara suka zo, wanda ya tsira ya kama gabansa, ban sake ganin uwata ba. Na bi fataken kanwa har Damagaram, daga can na bi masu jakuna zuwa yamma, ina juya wa malamai littattafai da hannu ina samun na tuwo. Abin da na fito da shi daga gida hannun nan ne kawai, wato rubutu irin namu, mai kauri, baƙi a tsaye, wasali da jar tawada. A rijiyoyin Dakoro kurkunu ya fito mini a idon sawu, ayari ya jira ni har ya gaji, ya wuce. A wancan zamani wurin bai zama gari ba. Rijiyoyi ne masu zurfi, da 'yan gidajen zana, da gonakin gero a kan jigawa, sai shanu duk inda ka juya.

Wani baduku ne ya tsince ni a gindin aduwa ya kai ni gidansa. Ya ɗan girme ni, gajere ne mai yawan dariya, yatsunsa kullum jajaye da rinin fata. Shi ya riƙa naɗe kurkunun a jikin tsinke kowace safiya, kaɗan-kaɗan, har ya fita duka. Matarsa ta yi ta ɗura mini fura da nono har na miƙe. Kuma a rumfarsa na koyi Hausa, da kyar, don sai in ce wa mace ya zo, in ce wa ƙato ta tafi, shi kuwa ya yi ta dariya har basilla ta suɓuce masa, sannan ya gyara mini. In ana neman wanda ya ba ni harshen da nake wannan rubutu da shi, shi ne, ba zan ɓoye ba. Wannan ma yana cikin abin da ya fi ƙona ni.

Da na warke ban tafi ba. Ina zan je? Ya ba ni ɗaki a gefen gidansa, maigari ya yanka mini 'yar gona, na zama baƙon baduku. Haka kowa ke kirana har furfura ta fara leƙo mini a gemu.

Labari kuwa da baki ya fara. Bayan la'asar mutane kan taru a rumfar ana jiran rana ta yi sanyi, sai a ce Babarbare ba mu labarin garinku. In ce musu a garinmu ruwa ne ba a hangen ƙarshensa, mutane na yawo a kansa cikin jirgin da aka ɗaure da ciyawa, kifi wani ya kai tsawon mutum. Sai su kwashe da dariya, su ce kai, baƙon nan akwai sharar ƙarya. Ban ga laifinsu ba, mutanen da sai sa ya ja musu guga kafin su ga ruwa. Amma rannan haushi ya kama ni, na ce a raina to bari in yi muku ƙaryar ta gaskiya. Na ƙago musu wani mai haƙar rijiya da ya yi ta haƙa har ya jiyo mata suna daka a ƙarƙashinsa, ya kasa komawa sama, ya kasa ci gaba. Wallahi wurin ya yi tsit. Wani tsoho ya gyaɗa kai ya ce kakansa ma ya taɓa jin haka a wajen Korahane. Daga ranar na gane abin da Allah ya ba ni.

Sai na fara rubuta su da ajami. Takarda a wannan wuri ta fi nama wuyar samu, sai ayarin Buzaye ya sauko da ita daga arewa, malamai su wawashe. In na juya wa malaman Kornaka littafi nakan ce kada su ba ni gero, su bar mini abin da ya rage na takarda, ko da mai tabo ce. Tawada ni nake haɗa abata da ƙaro. Haka na yi ta tarawa shekara da shekaru, warƙa bisa warƙa. Akwai mai haƙar rijiyar nan. Akwai matar da ta kai jakinta ƙara gaban alƙali. Akwai wani marowaci da ke yawo da ɗan ludayi ɓoye cikin hula yana bin gidajen mutane lokacin shan fura, wannan kam in na karanta shi har mata sukan tsaya a bayan zana suna ƙyalƙyala dariya.

Amma babba a cikinsu, wanda ya ci mini ƙarfi, garinmu ne. Na sake gina shi a takarda gida-gida, lungu-lungu, na zuba mutanen da ba su taɓa rayuwa ba a hanyoyin da na taka da ƙafata. A tsakiya na zaunar da wata mai sayar da bandar kifi, mai faɗa da masu ciniki, in sun juya kuma ta ƙara musu gyara. Uwata ce, ko da yake na ƙara mata tsawo na ba ta 'ya'ya mata da ba ta haifa ba. Ni kuwa akwai wani hali da nake da shi, duk abin da na sauke a takarda sai ya bar kaina, kamar wanda ya sauke tulu ya daina jin nauyinsa. Saboda haka aka kai lokacin da in ina son in tuna ƙofar gidanmu sai na buɗe takardun na duba. Duk abin da ya rage mini na garinmu yana cikin tarin nan.

Liman bai so abin ba. Ya ce ba a saukar da baƙaƙe don a riƙa zuba ƙarya da su ba. Amma ina lura da shi, in zan fara karatu sai ya ja buzunsa ya matso inuwar da zai iya ji, yana jan carbi. Duk ranar da aka taso ni da wannan magana baduku ne ke tare mini, ya ce baƙonsa bai taɓa cewa wahayi aka yi masa ba, shi da bakinsa yake faɗin cewa ƙagowa yake yi, wanda ba ya so ya toshe kunne.

Fulani kuma ba sai na faɗa ba, kowa ya san wasan da ke tsakaninsu da mu Barebari. Akwai wani dattijonsu mai jajayen shanu masu dogon ƙaho, duk rani a rijiyoyinmu yake sauka. Da ya hango ni sai ya ɗaga sanda ya ce ga bawansa nan, ya fizge mini hula. Ni kuma in shiga rugarsa in ɗauki ƙwaryar nono in shanye ba tare da na tambaya ba, in ce haraji ne. Ina son tsohon nan ƙwarai. Abu ɗaya ya dame ni da shi, wai sai na rubuta masa laya ta shanu, don ya ga hannuna ya ce rubutu mai kauri haka dole ya fi na kowa ƙarfi. Na ce masa ni juyi na koya, ba a ba ni asiri ba, ba a ba ni izini ba, in na rubuta masa na cuce shi. Baduku ma ya sha kawo mini wannan magana, ya ce hannuna ya fi na liman kyau nesa ba kusa ba, in riƙa rubutawa yana ɗinkewa mu ci abinci. Rannan na yi masa tsawa na ce kada ya sake. Ya yi dariya ya ce Allah ya huci zuciyar Malam, bai kuwa sake ba.

Wata damina ɗakina ya yi yoyo, ruwa ya taɓa gefen takardun, ga gara ta fara zagaye tukunyar da nake ajiye su. Hankalina ya tashi. Littafi a wurinmu ba a ɗinke warƙoƙinsa, a sake suke, sai dai a yi musu tadarishi, wato marfi na fata mai tauri da ake naɗe su a ciki a ɗaure, sannan a ɗinka gafaka a saka, a rataye. Wa zan kai wa in ba maigidana ba? Ya ce shi ba ya awo da zare kamar 'yan koyo, in bar masa littafin gaba ɗaya, don fata tana da ɗanye ake lanƙwasa ta a jikin abu ta bushe da siffarsa. Gaskiya ne, haka ake yi. Na naɗe shi cikin tsohuwar rigata na kai masa, ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ce zai yi mini aikin da ba a taɓa gani ba tun daga nan har Katsina.

Daga nan aka shiga yau da gobe. Da farko ya ce ba zai sa wa littafina fatar tunkiya ba, sai ta jar akuya ta Maradi, a jira fatake. Fata ta zo, ya ce rinin bai kama yadda yake so ba. Daga baya ya ce ya fara, amma ba zan gani ba sai ya gama, don in na gani rabi zan raina. Karatun la'asar ya tsaya, na koma ba da labari da baki. Duk wanda ya ce ina marowacin nan mai ludayi, sai in ce yana wajen baduku ana ɗinka masa riga, a yi dariya. Ina so a riƙe wannan, babu wanda ke zama a rumfar nan da bai san inda littafina yake ba.

A wannan tsakani ne kasuwa ta buɗe wa baduku. Makiyaya suka fara yi masa layi suna karɓar layu, na wuyan saniya, na wuyan raƙumi, na ƙahon bijimi. Ya ce mini wani babban malami ne a kudu yake aiko masa da rubutun, an riga an ninke an naɗe da zare, shi nasa ɗinki. Ban yi mamaki ba, sana'arsa ce. Ina zaune kusa da shi ina goga masa kakin zuma a zare, in ya gama ɗaya ya ce miƙo, in sa hannu cikin kwando in ɗauko ƙullin in miƙa masa. Ni da hannuna. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai in warware ba, don laya ba a buɗe ta, kowa ya san ranar da ido ya ga cikinta ta mutu, mai ita ma ba ya leƙawa. Baduku kuwa da wannan ya dogara. Awaki suka shigo gidansa, daga baya har da karsana, ya canza zana, matarsa ta yi sabon zane, ni kuwa ina ta yi masa barka. Dattijon Fulanin nan ma ya zo ya karɓi nasa da yawa, ya kaɗa mini su a fuska ya ce to bawa, ga shi na samu ba da kai ba, ya rataya wa duk manyan shanunsa.

Rani ya wuce, damina ta wuce, wani ranin ya shigo. Rannan haƙurina ya ƙare, na ce ya ba ni littafina ko da sutura ko tsirara. Sai ya ajiye basilla ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, ya tambaye ni ko shi da ya zare mini kurkunu daga ƙafa shi nake zargi. Kunya ta rufe ni, ni na koma ina ba shi haƙuri.

Sannan ciwon shanu ya shigo daga gabas. Wanda bai ga wannan shekara ba, ba zan iya nuna masa ita da baki ba. Saniya ta wayi gari tana hawaye, baki na dalala, ta ƙi ciyawa, sai zawo, kafin ka ankara ta kwanta. Garke guda ya ƙare kamar an share. Angulu suka ƙoshi har suka daina tashi. Mutanen da ba su taɓa roƙon kowa ba suka riƙa shigowa gari da sanda a kafaɗa, babu komai a bayansu, su zauna a bakin rijiya suna kallon ƙasa.

Wata ranar kasuwar Kornaka muka tafi tare, ni da baduku da liman da maƙwabtanmu na rumfa. Kasuwar duk fatu ne a jibge babu mai tayawa. Rana ta take sai ga dattijon nan, ya rame har na kusa kasa gane shi, riƙe da tarin layu a igiya. Ya wuce mu, ya tsaya gaban wani malami matafiyi da ya shimfiɗa buzu a gindin gawo. Ya zaro wuƙa ya farke laya ɗaya a gaban jama'a. Mutane suka ja baya suna salati. Ya ce shanunsa sun ƙare, ko maraƙi bai rage ba, laya ta mutu ko kada ta mutu yanzu duk ɗaya ne, shi dai yana so a karanta masa ya ji wace aya ce ya rataya, ko akwai sharaɗin da ya saɓa bai sani ba.

Malamin ya warware zaren, ya buɗe 'yar takardar, ya juya ta, ya ɗaure fuska. Ya ce wannan ba Larabci ba ne, Hausa ce. Aka ce ya karanta. Ya gyara murya irin ta karatun addini ya fara: "Sai ya durƙusa zai gaida sarki, hula ta faɗi, ludayi ya gangara har gaban sarki. Sarki ya ce, wannan fa? Ya ce, ranka ya daɗe, shi ma gaisuwa ya zo."

Kasuwa ta fashe da dariya. Mutanen da suka kwana da yunwa, waɗanda ba su taɓa ganina ba, suka yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa, Allah ya sani, abin da ya fara shiga zuciyata daɗi ne, don ban taɓa jin maganata a bakin wani ba, ashe tana tafiya ko ba ni. Daɗin bai kai ƙiftawar ido ba. Na dubi igiyar da ke hannun tsohon, na tuna kwandon nan. Na juya na dubi baduku, shi kuwa yana kallon malamin.

Dariya ta mutu da kanta da aka ga fuskar dattijon. Aka farke ta biyu, aka farke ta uku, nan matar da jakinta, can bakin tabki da masu jirgi. Malamin ya ɗaga takardar ya ce ko makaho ya shafa ya san wannan hannun Barebari ne. Babarbare mai rubutu kuwa ɗaya ne a duk wannan yanki. Kafin in buɗe baki maigidana ya riga ni.

"Ai wasa ne," in ji shi. "Shi ya ba ni ya ce in ɗinke, zai yi wa Fulani wasa irin nasu. Ni ban iya karatu ba, ina zan san abin da ke ciki?"

Bai iya karatu ba, gaskiya ne. Amma ya san kowace warƙa da tabonta, shi da ya haddace marowacin nan har yana riga ni faɗin ƙarshensa. Na yi kansa ina ihu, aka riƙe ni. A nan Hausa ta yashe ni, na ji bakina yana zuba harshen garinmu wanda ba mai ji, ina haɗawa da Hausa, namiji da mace a birkice, kamar ranar da na zo. Wani ya ce kun gani, ya rasa abin faɗa. Da kyar na tattaro kalmomi na juya wajen maƙwabtanmu, na ce ku faɗa musu, kun san littafina yana hannunsa tun bara waccan, kun sha tambayata. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da ido. Tsohon nan mai kaka a Korahane ya sunkuya yana gyara takalmi. Wani ya ce shi ba ya shiga tsakanin maigida da baƙonsa. Liman ya ce shi dai tun farko ya faɗa. Mutanen da na shekara ina sa su dariya, ko ɗaya bai ba da shaida ba. Baduku nasu ne, kakansa na kwance a maƙabartarsu, ni kuwa ayari ne ya yar da ni.

Samarin Fulani suka ɗaga sanduna, dattijon ya tare su da hannu ɗaya, ya ce tsakaninsu da Barebari ba a zubar da jini, ko da wasa ya yi muni. Ya matso kusa da ni har ina jin numfashinsa.

"Malam," ya ce, "da ciwon ya taso 'yan'uwana sun kora nasu arewa, sun ce in zo mu tafi. Na zauna ne don na dogara da abin da ke wuyansu."

Bai taɓa ce mini Malam ba sai ranar. Ya zubar da layun a gabana ya juya, ban sake ganinsa ba.

Maigari bai tsawaita ba. Ya ce wasa ya wuce wuri, ba zai iya tsare ni daga fushin makiyaya ba, in bar ƙasarsa kafin ruwan farko, gona kuma ta koma hannunsa. Na bar gidan baduku na koma wata bukkar masu tsaron gona. Kwanakin da suka rage mini a daji na yi su. Da sassafe in ɗaure hanci da tsumma in bi mashaya da kwaruruka inda mushe ke zube, in kori angulu, in ɗaga wuyan saniya in yanke laya. Wata fatar ta ruɓe ruwan mushe ya shiga ya cinye tawadar. Wadda ta tsira in farke in shanya a kan tabarma. A nan na ga yadda baduku ya yi aikin. Na farko-farko warƙa ɗaya gida huɗu ya raba ta. Da ciniki ya yi zafi sai ya koma yanka ta siri-siri, wata ba ta ɗauke da komai sai kalma biyu da rabin ta uku. Na samu wata da ke cewa mai kifi ta ɗaga murya ta ce, daga nan wuƙa ta bi. Na yi ta jera guntaye ina neman abin da ta ce, ban samu ba, kuma na matse kaina har ya yi ciwo bai zo ba. Yau ina zaune a kwarin Maradi, tsoho, ina juya littattafan mutane kamar da. Na sha ɗaukar alƙalami in sake gina garin nan, sai in tsaya a ƙofar gari in rasa ta ina ake shiga. Ban sake ƙago ko mutum ɗaya ba.

Ranar da zan tafi na biya ta rumfar da hantsi. Ba kowa sai baduku, yana yankan fata. Na ce ya ba ni abin da ya rage. Bai ɗago ba ya ce babu saura. Na tambaye shi me ya sa. Sai ya fara lissafa mini, wai a shekarar nan gero ya ƙare da wuri, wai ni ma a tukunyar nan nake ci, wai ya roƙe ni in rubuta na ƙi, wai da bai ce wasa ba ne da yanzu mu biyun muna kabari, in ma gode masa ya kamata in yi. Na tsaya ina jinsa. Da ya gama sai ya ɗago, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne babu ƙeta a fuskarsa, da gaske yake.

"Malam, mi aka ɗaukar maka?" ya ce. "Kai da bakinka kake cewa ƙarya ce. Ƙarya kuwa ba ta ƙarewa, ka zauna ka yi wata."

Na ɗaga hannu zan mare shi, na ga yatsun nan jajaye, hannuna ya ƙi sauka. Ya tashi ya shiga gida, na ɗauka gudu ya yi. Sai ga shi ya fito da abu naɗe cikin tsohuwar rigata, ya miƙo mini da hannu biyu ya ce ga aikina, shi ba ya cin alkawari.

Gafaka ce da tadarishinta, ta fatar jar akuya, an yi mata ado da kore da baƙi, ɗinki ƙanana kamar ƙwayar gero, igiyar ratayawa tufkakkiya. Tun daga gabas har nan ban taɓa ganin mai kyanta ba. Na buɗe tadarishin don in zuba guntayen da na tsinto. Fatar ta riga ta yi duhu irin na abin da ya daɗe a rataye, ƙura ta zauna a cikin ɗinkin, a ciki kuma ga shatin gefen takarduna ya kwanta a jikin fatar sarai, har da inda ruwan damina ya kumbura su. Ashe tun farko ya gama ta, ya sa littafin a ciki ya ga ya zauna daidai, sannan ya zaro shi ya ɗauki wuƙa.